Ranar da Ganga Ta Kira Abokina Ɗan Illela

Shekarun baya can da nisa, lokacin da mulkin Turawa bai daɗe da zama a ƙasarmu ba, ina saurayi a Illela, ina bin kawuna fatauci da jakuna. Mu kai goro da tufafi arewa, mu sauko da kanwa da gishiri. Turawa sun riga sun ja iyakarsu, sun ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa, amma mu abin da muka sani shi ne goggona tana aure can, kakata tana zaune nan, kuma jakunanmu ba su taɓa tsayawa sun tambayi inda iyakar take ba.

A wannan zamanin aka turo mana wani malamin kwastan daga Sakkwato. Ya yi boko a birni, kuma ya zo da wata ƙwallon fata da muke kira tamaula. Da la'asar yakan tara mu a filin bayan kasuwa ya koya mana yadda ake buga ta. Ni aka ba tsaron gida, wato in tsaya tsakanin sanduna biyu in hana ta wucewa. Malam ya ce saboda tsawona ne. Ni dai na lura bai yanke wannan shawara ba sai da ya ga yadda nake gudu.

Wanda ya fi kowa iya wasan a cikinmu abokina ne. Mutumin wani ƙauye ne a ɓangaren Faransa. Ya gudo daga aikin tilas, inda ake ɗibar samari a kai su fasa dutse da gyaran hanya. Mun san gidansu ta wajen fatauci, shi ya sa ya faɗo gidanmu, ƙafafunsa duk sun tsattsage. Mahaifiyata ta ba shi ɗakin da ke jikin zaure, tana zuba mana tuwo a kwano ɗaya. Mutanen gari ba su tsangwame shi ba, amma kuma ba su rungume shi ba. Idan za a kwatanta shi sai a ce baƙon gidanmu. Ya je wurin mai gari neman gona, aka ce ya dakata tukuna a ga kamun zamansa. Bai cika magana ba. A filin tamaula kaɗai nake ganin haƙoransa.

Bayan an gama girbi, malam ya shirya da wani takwaransa na ɓangaren Faransa cewa samarinsu za su zo mu kara, ranar kasuwa. Da abokina ya ji, sai ya same ni ina ɗaure jakuna.

"Ni ba ni bugawa," in ji shi.

Na ce, "Don mi?"

"Cikin masu tahowa akwai waɗanda sunka san ni."

"To mi za su yi maka? Nan ba ƙasarsu ba ta. Babu mai taɓa ka."

Ya dubi ƙasa ya ce, "Ba kamu nika tsoro ba."

Ban fahimce shi ba a lokacin. Na dai yi ta lallashinsa, malam ma ya sa baki, har ya yarda.

Ranar wasa, filin nan ya cika ya batse. Mutanen Araba da Gidan Katta da Tozai da suka zo cin kasuwa duk suka gangaro, yawancinsu suna zaton kokawa za a yi. Har makaɗin 'yan kokawa ya zo da gangarsa a rataye, da yaransa masu amshi. Mai gari ya zauna a inuwar tsamiya, mata suka yi cincirindo ta gefen gabas, mahaifiyata a cikinsu. Baƙi kuma suka zo da nasu mutanen, ba su kai rabinmu yawa ba, suka tsaya wuri ɗaya.

Malam ya busa usur aka fara. Nan na gane cewa yawan jama'a daban, goyon baya daban. Mutanenmu ba su san wasan ba. Duk wanda ya ɗaga ƙwallo sama sosai sai su yi shewa, ko namu ne ko nasu. In wani ya faɗi su kwashe da dariya. Makaɗi ya duba bai ga mutum biyu sun kama juna ba, sai ya zauna ya ɗora haɓa a kan ganga. Su kuwa baƙi sun saba kallon sojoji suna bugawa a garinsu. Bakinsu ɗaya, tafinsu ɗaya. In ɗan wasansu ya karɓi ƙwallo sai su ɗaga murya tare, kana ganin yadda ƙafarsa take ƙara sauri.

Duk da haka abokina ya fara da kyau. Ya yanke mutum biyu, ya doshi gidan baƙi. Sai wani dogon mutum daga cikin baƙin ya matso bakin fili ya haɗa hannuwa a baki.

"Kai, mai gudu! Ka tsere ka bar ƙanenka! Shi anka ɗauka madadinka, yana can yana hwasa dutse!"

Har inda nake na ji shi. Abokina ya tsaya cak, ƙwallo ta wuce ta bar shi. Tun da ya zo bai sami labarin gida ba, kuma ga yadda labarin ya iso masa, a tsakiyar fili, gaban garuruwa huɗu. Sauran baƙin suka ɗauki maganar suka mayar da ita waƙa. Duk sa'ad da ƙwallo ta nufo shi sai su fara, "Mai gudu, mai gudu," suna tafi. Mutumin da ban taɓa ganin an ƙwace masa ƙwallo da sauƙi ba, ya koma kamar wanda aka ɗaura wa turmi a ƙafa.

Abin da ya fi ci mini rai ba waƙarsu ba ce, shirun mutanenmu ne. Sun ji, sun kalli juna, sun yi tsit. Wasu ma na ga suna gyaɗa kai, kamar masu cewa ashe haka abin yake. Ban san shiru yana da nauyi ba sai ranar. Kafin a tafi hutu an ci mu biyu. Ta biyun ta tsakanin ƙafafuna ta bi, a hankali, kamar kaza tana shiga gida, kuma a nan ne kawai mutanenmu da baƙi suka haɗu suka yi dariya tare.

Da aka busa hutu abokina bai zo inda muke ba. Ya je gindin wata bagaruwa ya zauna ya sunkuyar da kai. Na bi shi da ruwa a buta, bai karɓa ba.

"Gida za ni," in ji shi. "In tahi su sake shi su kama ni."

Ina tsaye ina juya buta a hannu sai na hango mahaifiyata ta fito daga cikin mata. Ita mace ce da ba ta ratsa taron maza, ko gaisuwa za ta yi sai ta kauce gefe. Amma ranar ta gyara lulluɓinta ta miƙe har gaban makaɗi. Na matsa don in ji.

"Kai, wagga gangar taka ta ado ta?"

Makaɗi ya durƙusa ya ce, "Inna, ban ga abin kiɗi ba. Ba kokawa aka yi ba."

"Ba ka ga ana kayar da yaro da baki ba? Tashi ka kira shi."

Ya sosa ƙeya. "Inna, kirari sai da asali. Ban san ubanai ba, ban san garinsu ba. Ɗan wa zan ce?"

Ta ce, "Ka ce ɗana na. Ni ka ba shi tuwo. Gari kuwa, ina kag gane shi yanzu? Ka ce ɗan Illela."

Ta juya ta koma cikin mata, ba ta ko dubi inda nake ba.

Malam ya busa a dawo. Abokina bai motsa ba, muka shiga fili babu shi. Sai ganga ta tashi. Makaɗin nan ya saki murya irin wadda yake saki in manyan 'yan kokawa sun fito: "Ina ɗan Illela? Ina na gidan Inna, barewar fadama? Taso, garinku na kira!" Yaransa suka amsa. Da farko su kaɗai ne. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Manoman Tozai, waɗanda ba su san dokar tamaula ba amma sun san abin da ake yi in ganga ta kira mutum, suka fara buga sandunansu a ƙasa. Kafin ka ce me, fili duka ya ɗauka: "Ɗan Illela! Ɗan Illela!"

Na ga ya ɗaga kai yana dube-dube, kamar yana neman wanda ake kira. Sannan ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya shigo.

Ban iya kwatanta muku ƙarar nan daidai. Ba a kunne take tsayawa ba, a ƙirji ake jin ta, da tafin ƙafa. Ni kaina da ba ni ake kira ba, sai na ji hannuwana sun ƙara faɗi. Baƙi suka sake tayar da waƙarsu, amma ta nutse, bakunansu kawai muke gani suna motsi. Abokina ya karɓi ƙwallo a tsakiya ya ruga, ganga tana bin sawunsa, ya zura ta farko. Jama'a suka ɓarke cikin fili, sai da dogaran mai gari suka yi da gaske kafin a mayar da su. Ba a jima ba ya ba wani ɗan unguwarmu, shi ma ya zura.

Akwai abin da na gani daga nesa wanda har yau yake dawo mini. Mai tsaron gidansu matashi ne siriri, ya yi ta tare ƙwallaye masu wuya kafin hutu. Yanzu samarinmu sun taru a bayansa suna yi masa ihu a ƙeya. Na ga yana waiwaye, yana goge tafin hannu a riga. Ƙwallo ta biyun ba mai ƙarfi ba ce, a hannunsa ta faɗo ta zame. Na yi tsalle na yi murna kamar kowa, amma na san abin da yake ji, don ni ma ɗazu a nan nake. Rana ta yi ƙasa aka tashi biyu da biyu, aka tafi alwala.

Bayan an watse abokina ya je ya sami dogon mutumin nan. Na bi shi, ina tsoron kada a yi faɗa. Cikin ladabi ya gaishe shi ya ce, "Baba, abin da kac ce gaskiya na?" Mutumin ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce gaskiya ne an ɗauki ƙanen, amma ya gama wa'adinsa an sallamo shi, yana gida yana jinyar ƙafa. Wannan rabin labarin bai faɗe shi a fili ba, don ba zai amfane su ba.

Kafin damina mai gari ya ba abokina gona ta wajen hanyar Araba, ba tare da ya sake roƙo ba. Da muka koma fatauci arewa, ni da kawuna muka dawo da ƙanen a kan jaki, daga baya mahaifiyarsu ta biyo. A nan abokina ya yi aure, a nan ya haihu, a nan kabarinsa yake.

Na daɗe ina tunanin abin da ya canja a ranar. Da ina zaton ihun nan shi kaɗai ya yi wa aiki. Sai da na manyanta na gane ya yi wa masu ihun ma. Mutumin da ya buɗe baki iya ƙarfinsa a gaban jama'a ya kira ka ɗan garinsu, da wuya gobe ya dube ka ya ce maka baƙo. Kuma na gane masu kallo ba kallo kawai suke yi ba. Suna cikin wasan, suna iya ɗaga mutum, suna iya karya shi, kuma sau da yawa da murya ɗaya suke yin duka biyun, kamar yadda muka ɗaga namu muka karya nasu.

Da muka tsufa, wata rana muna zaune a ƙofar gidansa muna ɓare gyaɗa, na tambaye shi ko kirarin ne ya tashe shi daga gindin bagaruwa. Ya ce shi ne. Sai ya ƙara da cewa akwai abin da bai taɓa gaya mini ba. Lokacin da ya ɗauko ƙwallo ya bi ta gefen da baƙi suke, cikin duk ƙarar nan ya ji wata murya daga cikinsu ta kira shi da sunan da ake kiransa a gida tun yana ƙarami, ta ce, "Tahi, Allah shi taimake ka." Bai ga ko wane ne ba, kuma bai taɓa sani ba.

Na ce, "Cikin wannan hayaniya kaj ji murya guda?"

Ya jefa gyaɗa a baki ya ce, "Ita nif fi ji."