Ɗankwalin Inna a Kan Sanda

Kawuna magini ne, amma duk unguwa Kar-a-yar ake ce masa, don ba ya iya ganin abu zai tafi bola bai cece shi ba. In aka rushe tsohon gida, sauran magina su tashi da ƙura a ka, shi kuwa ya dawo da rabin bulo a baro, ƙyauren taga a kafaɗa, lanƙwasassun ƙusoshi cike da aljihu. Da yamma sai ya zauna ƙofar ɗaki yana miƙe su da guduma yana waƙa, murya kamar ana jan garwa a kan siminti.

Duk abin da ya tsinto, wani ɗan fili da ya gada a bayan gari yake kai wa. Can yake gina gidansa sannu a hankali, duk ranar da ba shi da aiki. Ƙasar da ya haƙo daga ramin harsashi ita ya buga bulo da ita, ya ɗan barbaɗa mata siminti. Bango mai kauri, rufi can sama. Kullum cewa yake gidan da ya san hanyar iska ba ya roƙon fanka, a kawo wuta ko a ɗauke, shi dai barci.

Matsala ɗaya ce: Inna, matarsa, ta ce atafau ba za ta koma ba.

"Shekara da shekaru ina gidan haya, sai yanzu za ka kai ni gidan tsince-tsince? An ce tagogin ma kowace da kamarta!"

"Ai 'ya'yanmu ma kowa da kamarsa," in ji Kawu, "kin kori wani?"

Ko leƙa wurin ta ƙi yi. Kawu yakan yi dariya, amma na san abin yana cin sa, don gidan da babu Inna a wurinsa kango ne. Ni kam, a gaskiya, bayan Inna nake. Kicin ɗin gidan hayar wani lungu ne ƙarƙashin kwano, ba taga ba komai. In ta hura gawayi sai ta fito ido jawur tana tari. Macen da ta sha wannan, ai ta ci a ba ta sabon abu dal.

Kawu yana da wata ɗabi'a da abokan aikinsa ke yi masa tsiya a kai. Ba ya kafa taga sai ya soke sanda a wurin, ya ɗaura mata tsumma, ya yi kwanaki yana kallon inda iska ke kaɗa shi. Wata safiya yana sauri ya rasa tsumma, sai ya fizgi wani ƙyalle daga igiyar shanya. Mutumin da zai kalli ƙyaure ya faɗa maka shekarunsa, ashe bai san sabon zane da tsoho ba. Ɗankwalin da babbar 'yarsu ta kawo wa Inna ne, sau ɗaya ta taɓa ɗaura shi.

Inna ta birkice ɗaki tana nema, har mai kawo mata gawayi ta shigo tana ƙunshe dariya.

"Maman yara, na ga ɗankwalinki a bayan gari, yana ta gaishe da masu wucewa."

Inna ta dube ni. "Tashi ki raka ni. Yau ni da kawunki ne."

Da tsakar rana muka isa, gumi sharkaf. Ga ɗankwali can yana filfilawa ta wata kafa da aka bari a bango, amma gindin sandar a cikin ɗaki yake. Dole sai an shiga. Inna ta kutsa kai tana faɗa, sai na ji faɗan ya tsaya cak.

Na bi ta. Wata iska mai sanyi ke ratsa ɗakin daga wannan kafa zuwa waccan. Can sama an bar hanyar hayaƙi. Ga dakalin girki daidai ƙugunta, ba sai ta sunkuya ba. An jera tsofaffin kwalabe cikin bango, haske yana shigowa ta cikinsu kore shar.

Kawu ya leƙo da cokalin gini a hannu, ya ga ɗankwali, ya ga Inna, ya fara ja da baya.

"Tsaya nan, Baban yara. Wannan ne falon?"

"Kicin ne." Ya sosa ƙeya. "Duk filin nan ba inda iska ta kai nan. Da ɗakina na so in sa, sai na tuna tarinki."

Inna ta juya mana baya, wai tana duba dakali. Ni kuwa, duk goyon bayan da nake mata ya bi iska.

Kawu ya kai hannu zai kwance ɗankwalin, ta doke hannun.

"Bar shi, ai ka riga ka koɗar min da shi. Kai shi ɗakina ka soke, kada ka kafa min taga inda ba iska."