Saƙon da na zubar a kan hanyar Albaniya

A lokacin ina aikin jinya a wani asibiti kusa da garin Alexandria na Amurka, inda nake zaune ni kaɗai, kuma ina jiran a kira ni ganawar zama 'yar ƙasa. Ni mace ce mai zargi, ko maƙwabcina ya cika fara'a sai na tambayi kaina me yake nema. Ga son araha kamar me. Shi ya sa da hutuna ya zo na zaɓi Albaniya, wata ƙaramar ƙasa a Turai da abokan aikina ba su ma san inda take ba. Na ji cewa ɗaki da abinci ba tsada, ga masallatai, ga teku, kuma katin zamana na Amurka ya ishe ni shiga. Na sayi tikiti mafi arha, irin wanda ba a yarda maka da komai sai jakar hannu, kuma sai ka sauka a wata ƙasa ka canza jirgi.

Kuskurena na farko shi ne na faɗi zancen tafiyar a wajen wani suna a garin Clinton. Kun san mutanenmu, da an ji za ka yi tafiya an sami ɗan aike. Wata Hajiya da muke gaisawa sama-sama, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, ta ja ni gefe ta ce ai ɗan mijinta yana can yana buga ƙwallo a wani ƙaramin kulob. Ana gobe zan tashi sai ga ta har ƙofata da ƙunshi, an naɗe shi da leda an ɗaɗɗaure da salatif ta ko'ina. Na tambaye ta mene ne a ciki, ta kau da kai ta ce 'yan kayayyaki ne kawai, ta roƙe ni kada ya bar hannuna. Ta girme ni, kunya ta hana ni cewa ta buɗe. Na karɓa ina murmushi.

Tun daga nan hutuna ya lalace. Na riƙa juya abin a raina: me ya sa ba ta aika ta gidan waya ba? Me ya sa ta kau da kai? Wane Bahaushe ne zai je ƙwallo Albaniya in ba da wata a ƙasa ba? A filin jirgi aka tambaye ni ko wani ya ba ni kaya, na ce a'a, ƙarya ta farko ke nan. Jakar ta wuce na'ura lafiya, amma hankalina bai kwanta ba. Da muka sauka canza jirgi na hango 'yan sanda da kare suna bin layi. Nan take na ga lasisin aikina da takarduna da duk wahalar da na sha a Amurka sun tafi a kan kayan da ban san ko mene ne ba. Na shiga banɗaki. Ko buɗe ƙunshin ban yi ba, don kada ya zama na sani. Na tura shi can ƙasan kwandon shara, na wanke hannu na fito.

A Tirana, babban birnin ƙasar, saurayin ya tarye ni, dogo mai ladabi, yana ta kira na Anti. Na ce masa jami'an kwastan sun ƙwace saƙon. Ya ce ba komai, haka Allah ya so. Shi ya nuna min ƙananan motocin da 'yan gari ke shiga, ya kai ni inda ake sayar da wani burodi mai cuku da ke riƙe ciki har yamma, ya hana ni biyan ko sisi. Ni kuwa duk alherin da ya yi sai na ce a raina dabara ce. Sai ranar da zan dawo, muna jiran mota, ya gaya min abin da ke cikin ƙunshin. Agogon mahaifinsa ne da carbinsa da hular da yake zuwa Juma'a da ita. Mahaifin ya rasu a nan Amurka, shi kuma bai sami biza ya zo jana'iza ba. Ya ce ya so ya ji ƙamshin hular ko sau ɗaya, sannan ya roƙe ni gafara wai sun jawo min tsaiwa a hannun kwastan.

Na sami takardata ta zama 'yar ƙasa daga baya, amma ban ji daɗinta yadda na zata ba. Ba zan ɓoye muku ba, har yau wani lungu na zuciyata yana cewa wa ya sani ko labarin agogon gaskiya ne, kuma na tsani wannan lungun. Hajiya tana yi min addu'a duk inda muka haɗu, ni kuma na kasa ɗaga ido na kalle ta.

'Yan'uwana matafiya, tsoron saƙo ba laifi ba ne, mutane sun shiga uku ta wannan hanya. Amma a gaban mai shi ake jin tsoron. Ku ce a buɗe ku gani, ko ku ce ba za ku iya ba. Ni na ji kunyar tambaya, sai na zubar da gadon maraya a shara.