Na Zama Bakin Gwaggo, Na Ci Amanarta

Hannunsa na fara gani. A unguwarmu ta Tamanrasset duk namijin da na sani siminti ya farfasa masa tafi, sai ga wani da yatsu sumul yana shafa fuskar waya kamar mai lallashin jariri. Lokacin ina budurwa, ban daɗe da zuwa daga Zinder ba, ina taya gwaggona dafa wa 'yan aikin gini shinkafa da wake. Na yi lekkol, makarantar boko, har na iya Faransanci, amma abin da na fi haddacewa littattafan soyayya ne, inda attajiri ke tsayar da mota don 'yar talla. Kafin ya gama gaisuwa na riga na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Balarabe ne, wani kamfani ya turo shi daga arewacin ƙasar, wai za su haɗa manhajar waya don masu ciwon sukari. Ma'aikaciyar jinya za ta riƙa zagayawa tana ɗaukar jini, likita ya duba daga buro, wato ofishinsa, ya aiko wa marar lafiya saƙo a wayarsa. Yana neman tafinta don jin ra'ayin matanmu, aka nuna ni. Yau in na tuna tambayoyinsa sai in ja tsaki. Bai taɓa duban fuskar mai ba shi amsa ba. Babbar damuwarsa ita ce ko kore muka fi so a allon ko shuɗi.

Gwaggo ta daɗe da ciwon, kuma ba ta da rufi. Ta ce in gaya masa ita ko baƙi ɗaya ba ta sani ba a boko. Waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun ɗanta mai aikin lambu a ƙauyen Outoul, wanda sai ya yi mako biyu bai leƙo ba. In da gaske yake, ya sa a riƙa faɗa mata da baki. Ta ce ƙafarta ta hagu ta zama kamar ta aro, ko ƙaya ta taka ba ta ji. Ta rufe da cewa in tambayi ɗan gayun ko rubutun nasa wanke shi za ta yi ta sha. Mata suka kwashe da dariya. Ya juyo gare ni yana jiran yabo, ni kuwa na ji kunya ya san haka mutanena suke. Na ce masa gwaggo ta ce abin ya burge ta, kuma kore ta fi so. Ya ce ni ce mai hankalin unguwar. Kwana uku ina tauna wannan magana kamar alewa. Haka na yi wa sauran matan, duk wadda ta kawo kuka sai in mayar da shi guɗa.

Manhaja ta fara aiki. Likita ya ga sukarin gwaggo ya hau, ya yi ta aiko saƙo cewa a kai ta asibiti da gaggawa. Saƙon yana sauka a Outoul cikin Faransanci, ɗan nata yana share shi tare da tallan kamfanin waya. Ma'aikaciyar kuwa an ce mata faɗin sakamako ba aikinta ba ne. Ranar da muka kwance tsumman da gwaggo ta ɗaure yatsan ƙafa da shi, wari ya kore mu waje. Daga gwiwa aka yanke ƙafar.

Na je buron ɗan gayun ina kuka, har lokacin ina zaton zai tashi ya riƙe ni kamar a littafi. Bai ko ɗaga daga kujera ba. Ya juyo da allo ya nuna mini cewa kowane saƙo ya tafi a kan lokaci, ya ce a rahotonsa babu matar da ta yi ƙorafi, kuma ni ce na fassara. Da zan fita ya yi mini bankwana da sunan wata mace, ba nawa ba.

Na raina mutumin nan, mai haɗa wa marasa lafiya abu bai tambayi aljihun wa wayar ke kwana ba. Amma shi bai ji ba, ni na ji na haɗiye. 'Yan'uwana mata, duk wadda aka sa ta zama bakin marar lafiya, ta isar da maganar da ɗacinta, ko da gaban wa ne. Ku kuma masu haɗa irin waɗannan abubuwa, in kowa ya ce muku ya yi kyau, ku sake tafinta.

Gwaggo ta koma gida Zinder shekaru da dama yanzu, tana zaune a ƙofa tana sayar da daddawa. Duk zuwan da na yi sai ta tara maƙwabta ta ce ga 'yarta da ta tsaya gaban Balarabe ta faɗa masa gaskiya tas, shi ne ya toshe kunne. Ta yi ta sa mini albarka, suna amin. Har yau ban iya buɗe baki na faɗa mata gaskiya ba.