Mukhtari Direba da Gudun Haske

Tun yana yaro Mukhtari ba ya iya zama wuri ɗaya. Iyayensa Larabawan Shuwa ne makiyaya da ciwon bushiya ya cinye wa shanu, suka shigo Yerwa, wato Maiduguri, ubansa ya kama dillancin dabbobi. Shi kuwa zaman kara bai karɓe shi ba. Ya kora shanun mutane zuwa Kano a ƙafa, ya dawo yana cewa saniya ta cika nawa. Da manyan motoci suka fara bin hanyar Jos, sai ya maƙale wa wani direba har ya iya tuƙi.

Lokacin yaƙin Turawa aka sa shi jigilar fetur zuwa filin jirgin Maiduguri. A can ya saba da Suleiman, wani mutumin Sudan mai aikin wayar iska, wanda ba ya rabuwa da karatu. Wata rana suna kallon jirgi yana tashi, Suleiman ya ce, "Masana sun ce duk abin da ya tsananta gudu, lokaci yana tafiya masa a hankali. Da mutum zai yi gudu kusa da na haske, sai ya dawo da ƙuruciyarsa ya tarar da sa'o'insa sun tsufa."

"Har mota?"

"Har mota, amma abin da za ka samu a duk rayuwarka bai kai ƙiftawar ido ba."

Mukhtari ya riƙe farkon maganar, ya yar da ƙarshenta. A lokacin uwarsa Zaratu tana fama da tari, kullum ya dawo daga tafiya sai ya ga ta ƙara ramewa. Abin ya hana shi sukuni. Ya je ya roƙi wani matuƙin jirgi ya ɗauke ta don lokaci ya tafi mata a hankali, aka kore shi daga bakin shinge.

Ranar wata Juma'a ya shimfiɗa buzu a gaban mota, ya ɗauko uwarsa cak.

"Ina za ka kai ni, ɗan nan?"

"Inna, ki dai riƙe ƙofa da kyau."

Ya kama hanyar Dikwa ya taka mota iya ƙarfinta, tana kwaramniya kamar za ta tarwatse. Da ya gaya mata dalili, tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ajali kake so ka bari a baya? Ai tun ɗazu yana zaune tsakaninmu. Rage gudu in ga daji."

Ya rage, ransa ba daɗi. Can ta hango ruga ta ce ya tsaya. Ta sauka da kyar, ta dafa wata jar saniya tana yi mata magana da Larabcin Shuwa, aka kawo mata nono mai ɗumi ta shanye ƙwarya guda. Kafin damina ta faɗi, Allah ya karɓi abinsa.

Mukhtari bai daina tuƙi ba sai da idonsa ya fara hazo. Ya sayar da gidan Yerwa, ya sayi raƙumi, ya ɗauki ɗan ƙanwarsa a matsayin ɗan jagora, ya nufi gabas zuwa Makka. Wasu alhazai sun ce sun gan shi a bakin kogin Nilu yana faɗa da mai jirgin fito a kan jinkiri.