Bakwai Mai Warin Kifi

Mushe, wato malami, mai koya mana lissafi a Akokan yake kwana, a Arlit yake karantarwa. Shekarar da ma'aikatan uraniyom suka cika gari da 'ya'yansu, aji biyar aka jibga masa. Kullum a motar ma'aikata yake zuwa, a nan yake gyara takardunmu bisa gwiwa, a nan yake karin kumallo da burodi da kifin gwangwani.

Takardar jarrabawata ta dawo da mai shar, tana warin da zai kori kura. Amma jan biro ya ce 17 bisa 20, bakwai ɗin har da layinta a ciki. Baba ya ce in na haye goma zan yi hutu a Damagaram, sai na yafe warin.

Da Mushe ya karanto sakamako, sai na ji sha ɗaya.

"Mushe, sha bakwai ne!" Na miƙa takardar da yatsa biyu.

Ya sansana ta, ya yi hamma. "'Yata, ɗaya na rubuta, ba bakwai ba. Layin nan ba nawa ba ne, na direba ne. Rami ya faɗa."

Da na yi shiru, da na tsira. Amma na ce sai an sake dubawa. Ya zauna a kujerar da ba ta girgiza, ya karanta a natse, ya ba ni tara.

A Arlit na yi hutu, ina wanke-wanke.