Sharar Gabanin Hadari

Gidan Inna Zalihatu shi ne na ƙarshe a gangaren unguwarmu a Dogon Dutsi, daidai inda magudanar ruwa take karya kwana. Awara take soyawa a ƙofar gida, da ita ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Ɗakunanta uku ne na laka. Damina biyu suka cinye biyu, ya rage wanda take kwana a ciki, shi ma gindin bangonsa ya fara zaizayewa.

Akwai wata ɗabi'a a unguwar tun kaka da kakanni. Da zarar hadari ya haɗo, matan saman unguwa sai su fito da shararsu su juye a magudana, wai ruwa ya tafi da ita. A da ganye ne da toka, ruwan kuma a hankali yake zuwa. Yanzu leda ce, kuma ruwan da ake yi a wata guda sai ya sauko a yini ɗaya. Sharar ta toshe kwanar, ruwan ya juyo kan bangon Inna.

Ni maƙwabciyarta ce, kuma ba na iya haɗiye magana. Na ce mu kai ƙara wurin magajin gari. Ta ce a'a, ai ba mugunta ba ce, ba su taɓa ganin inda sharar take tsayawa ba. Ta taɓa zuwa wani taro kan sauyin yanayi, abin da ta riƙe shi ne, mutum sai ya gani da idonsa.

Wata safiya bayan an sheƙa ruwa, ta hau sama gida-gida. "Ku taho ku raka ni," in ji ta, "mu bi sawun ruwan ga, mu ga inda ya kwana."

Suka biyo ta ana raha, har Kaltume mai kitso tana tsokanarta wai ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko, da tsufa. Da suka iso kwanar, dariya ta ɗauke. Tulin shara ya kai gwiwa, bango ya jiƙe sharkaf. Inna ta miƙa wa kowa sanda, ta ce a tona.

Kaltume ce ta fara zaro wani tsumman atamfa. Ta daɗe tana dubansa.

"Inna, wanga zanena ne. Jiya na yada shi."

"Na sani, ɗiyata. Kullum aikenku na iso min."

Wallahi sai da na ji tausayin Kaltume, ni da na zo da niyyar faɗa. A ranar suka kwashe kwanar tas. Inna ta nuna musu yadda za su ware shara: mai ruɓewa a rami ta zama taki, masu amalanke su kai gona, leda kuwa a buhu.

Da hadari ya sake haɗowa, na hango Kaltume tsaye a bakin magudana ta riƙe ƙugu, duk wadda ta fito da kwandon shara sai ta koma da abinta. Ruwa ya sauko ja wur, ya sha kwana ya wuce.

Na leƙa in yi wa Inna barka. Na same ta a kan tabarma, ta jingina da bangon nan tana barci, ana ta ruwa a waje.