Sandunan Gidan Masu Ruwa

Har yau ban manta da safiyar da na shiga Gidan Masu Ruwa riƙe da guduma ba. Lokacin ana faɗaɗa Haramin Makka, a shekarun sittin, ni kuma sana'ata sayen katakon gidajen da za a rushe. In aka shafa wa gida jan fenti, ɗan kwangila yakan sayar mana da ƙofofi da tagogi, mu ɓalle su kafin katafila ta iso.

Tsohon gini ne na ƙungiyar Hausawa masu sayar da ruwa. Nan suke taro, nan suke sauke baƙo, nan suke wanke mamacinsu. Al'adarsu ita ce, duk wanda ya iso Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, sai ya soke sandarsa a rufin zaure. In ya rasu, ɗansa ya zo ya zare ta.

Mai kula da gidan, Baba Ɗanjuma, ya tare ni a ƙofa ya roƙe ni in dakata. Na raka shi wurin ma'aikacin hukuma, kuma mutumin bai yi mana mugunta ba. Ya ce in mutum biyu masu takardar ɗan ƙasa suka shaida cewa iyayensu ne suka gina gidan domin jama'a, za a ba ƙungiya fili a unguwar Tandabawi. To, masu zuwa gidan kullum ba su da takarda, ko kusa da ofis ba sa bi. Sai muka shiga neman masu ita.

Muka fara da Alhaji Sale mai kantuna, wanda sandar mahaifinsa ke rufin nan shekara da shekaru bayan an binne shi. Ya ba mu shayi, ya saurare mu da Hausa, ya amsa da Larabci cewa ubansa a jirgin ruwa ya zo.

Baba Ɗanjuma ya ce, “Sale, ni na wanke wa ubanka faso ranar da ya iso.”

Alhaji Sale ya ce, “Ya ammi, baffana, ka tsufa, kana haɗa shi da wani.”

Haka muka yi ta zagayawa. Wani ba ya gida, wani ba shi da lafiya. Ba wanda yake so surukansa su ji cewa ubansa da ƙafa ya zo.

Da wa'adin rushe gidan ya cika na hau tsani na sauke sandunan, na ɗaure su, na aika cewa kowa ya zo ya ɗauki ta ubansa. Mutum ɗaya ne ya ɗauka, Baba Ɗanjuma. Ya zare tasa da ransa, ya dogara ta ya fita, bai waiwayo ba.

Tagogin ba su kwana a hannuna ba, har da Alhaji Sale cikin masu saye. Sandunan suna bayan shagona, gara ta ci rabinsu. Ku da kuke shiga sana'ar nan yanzu, in kun ga jan fenti kada ku zagi direban katafila. Ni dai ban taɓa ɓalle ƙofar gidan da masu shi suka tsaya masa ba.